Harajin da Paris ta mayar mini, Landan na jiransa a bakin ƙofa

Tikitin jirgin ƙasa na Eurostar ne a hannuna, na yamma, daga tashar Gare du Nord ta birnin Paris zuwa St Pancras a Landan, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, wani ɓangarenta ta ƙarƙashin teku. A jakar hannu kuma akwai takardu uku daga kantuna uku, kowace da lambar nan mai zane-zane da na'ura ke karantawa. Faransawa suna kiran irin wannan takarda bordereau, tsarin gaba ɗaya kuma détaxe: mayar wa baƙo harajin da ke cikin farashin kayan da ya saya, muddin zai fita da su daga Tarayyar Turai.

Aikin ya fara ne tun a kanti, kwana biyu kafin tafiya. Farashin da ke manne a jikin kaya a Faransa ya riga ya haɗa da harajin da suke kira TVA, wanda a yawancin kaya kashi 20 cikin 100 ne. Kafin kanti ya rubuta maka takardar, sai sayayyarka a wurinsa ta haura Yuro 100, shekarunka sun kai 16, zamanka a ƙasar bai kai wata shida ba, kuma mazauninka yana wajen Tarayyar Turai. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi mutane suka fi kuskurewa. Ba launin fasfo ake dubawa ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Ɗalibin da ke karatu a Lyon da katin zama ba zai samu ba, ko fasfon wace ƙasa yake riƙe da shi, amma mazaunin Landan yana samu tun 1 ga Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar.

A kantin jakunkuna mai sayarwar ta nemi fasfo kafin ta taɓa kwamfuta, ainihin fasfon, ba hotonsa na waya ba. Ta shigar da suna da lamba da ƙasar zama, ta tambaya ko ta kati nake son kuɗin ko a hannu, sannan ta buga takardar. Na tsaya a wurin na karanta sunan harafi bayan harafi, na gwada lambar da ta fasfo. Minti ɗaya ne, kuma ya fi duk wani minti na tafiyar amfani, domin kuskuren da aka gani a gaban kanta ana gyara shi nan take, wanda aka gani a tasha kuwa ba mai gyara shi. Ba dole ba ne kowane kanti ya shiga tsarin, don haka a tambaya kafin a biya.

Ga lissafin da ba a faɗa wa mutum sai ya zauna ya yi da kansa. Jakar fata Yuro 720 ce. Mai jin kashi 20 zai ɗauka 144 za a mayar masa, amma kashi 20 ɗin a kan farashin asali aka ɗora shi: 600 kuɗin jaka, 120 haraji. Wato kashi 16.67 ne na abin da ka biya. Daga cikin 120 ɗin ma kamfanin da ke tsakiya, irin su Global Blue ko Planet, yana cire ladansa, abin da ke zuwa hannu yakan tsaya wajen kashi 12 na farashi, wato Yuro 86 da ɗoriya. Mai son tsabar kuɗi a hannu yana samun ƙasa da haka. Turaren Yuro 150 harajinsa 25 ne, rabona wajen 18. Takarda ta uku ta littattafai ce, na Yuro 110, kuma da ƙyar kwalliya ta biya kuɗin sabulu, don harajin littafi a Faransa kashi 5.5 ne kacal, bai kai Yuro 6 ba kafin a cire lada. Kuɗin otal da na abinci a gidan cin abinci da na tasi kuwa ba sa cikin maganar, tunda a can aka ci moriyarsu. Taba da magunguna ma ba a yi musu détaxe.

Sashen Eurostar yana bene a Gare du Nord, kuma a can ake gama komai na iyaka: Faransa ta duba fasfo, Birtaniya ma ta duba nata tun ba a bar Paris ba. A cikin sashen ne na'urorin PABLO masu tabbatar da takardun détaxe suke, 'yan dogaye masu allo, kusa da ofishin kwastam. Ka zaɓi harshe, ka kara lambar takardar a idon na'urar, ka jira. Ta turare ta ba da kore. Ta littattafai ta ba da kore. Koren nan shi ne hatimin, ba sai an buga wani tambari da tawada ba, saƙon ya riga ya tafi wurin kamfanin. Ta jaka ta ba da ja.

Ja ba ya nufin an ƙi ka, yana nufin jami'i yana son ganinka. Na ajiye masa fasfo da tikiti da takardar a kan kanta, ya ce in nuna kayan. Na zaro jakar daga saman akwati, tana cikin mayafinta na kanti, takardar farashi na rataye a hannunta. Ya juya ta, ya duba rasit, ya gwada sunan da ke takardar da na fasfo, ya danna abin da zai danna, ya miƙo mini. Da jakar tana ƙasan akwatin da aka ɗaure tamau, da jirgin yana gab da tashi, da labarin ya sha bamban. Shi ya sa ake sa kayan détaxe a sama, ba a fara amfani da su ba, kuma ake ƙara aƙalla rabin awa a kan lokacin da aka saba isa tasha.

Mai tafiya ta jirgin sama yana da ƙarin tarko guda. Idan kayan za su shiga akwatin da za a auna a tura cikin jirgi, to a je wurin kwastam kafin a miƙa akwatin, don jami'i ba zai tabbatar da abin da bai iya gani ba. Kayan da ke jakar hannu kuma a filin jirgi na ƙarshe da za a bar Tarayyar Turai ake tabbatar da su: wanda ya taso daga Paris ya sauya jirgi a Frankfurt ta Jamus, a Frankfurt zai nemi hatimi. Akwai wa'adi ma: kayan su fita kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da aka saye su, sayayyar Maris ke nan tana da har ƙarshen Yuni. Wanda kuma kanti ya ba shi kuɗinsa tun a gari, aka riƙe lambar katinsa a matsayin jingina, in bai tabbatar da takardar a iyaka ba za a zare kuɗin daga katin. Ƙa'idar mafi ƙarancin sayayya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Jamus sai ta haura Yuro 50, Italiya ta sauko da tata zuwa 70 a 2024, Sifaniya ba ta da iyaka ko kaɗan.

Jirgi ya tashi, ya ratsa filayen arewacin Faransa, ya nutse cikin ramin teku wajen Calais, duhun minti ashirin. A nan na koma kan rabi na biyu na lissafin, wanda yawancin masu murnar koren allo suke mantawa da shi. Ƙasar da ka fito ta yafe harajinta ne bisa cewa kayan za su je wata ƙasa, ita kuma waccan tana da nata.

Mai shiga Ingila yana da rangwamen kayan Fam 390, na amfanin kansa ko na tsaraba, ba na sayarwa ba. Taba da barasa lissafinsu daban: sigari kara 200, ko sigar manya 50, ko garin taba giram 250, kuma ana iya rabawa, misali kara 100 da sigar 25. Barasa mai ƙarfi lita 4 ce. Wanda bai kai shekara 17 ba ba shi da rabo a waɗannan biyun. Inda gizo ke saƙar shi ne, in ka haura Fam 390, ba a kan rarar za ka biya ba, a kan kuɗin kayan gaba ɗaya za ka biya. Kuma miji da mata ba za su haɗa nasu su ce suna da 780 don su rufe agogo ɗaya ba, kowa da nasa. Amurka, mai rangwamen Dala 800, ta yarda iyalin gida ɗaya su haɗa, Birtaniya ba ta yarda ba. Mai shiga Tarayyar Turai ta sama ko ta ruwa kuwa Yuro 430 yake da shi, ta ƙasa 300.

Jakar nan ta Yuro 720 ta haura Fam 600 da kaɗan, ita kaɗai ta tsallake iyaka. Harajin VAT na Birtaniya, takwaran TVA na Faransa, kashi 20 ne, wajen Fam 120 ke nan a kanta, ya ma zarce Yuro 86 ɗin da Paris za ta mayar. Abin da ya rage nauyin shi ne a Italiya aka ɗinka ta, kuma kayan da aka ƙera a cikin Tarayyar Turai, aka saye su a can, ba a ɗora musu kuɗin fito, sai VAT kawai. Da a wata nahiya aka yi ta, da an ƙara kuɗin fito a kai. Wani zai ce to mene ne amfanin wahalar PABLO? Amfaninta shi ne harajin Landan yana nan ko ka karɓi na Paris ko ba ka karɓa ba, wanda ya yi kasala, haraji biyu zai biya. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya sayi kaya mai tsada yana ganin ya ci riba saboda détaxe. Ribar gaske tana kan kayan da jimillarsu ba ta kai Fam 390 ba.

Haka abin yake da kantunan da ba haraji na filayen jirgi. Rashin harajin na ƙasar da aka taso ne, kayan suna shiga cikin lissafin rangwamen ƙasar da za a sauka kamar kowane kaya. Kwalin sigari biyu daga irin wannan kanti kara 400 ne, ninki biyu na abin da aka yarda.

Birtaniya ta ba da damar bayyana kaya ta intanet tun kwana biyar kafin isowa, a shafin gwamnati, a biya da kati, a samu lambar shaida ta imel. Na riga na yi haka a daren da ya gabata: irin kaya, farashi, kuɗin ƙasar da aka biya da shi, inda aka ƙera. A filin jirgi, wanda bai yi ba sai ya bi jar ƙofa, ya bar koriya ga wanda ba shi da abin bayyanawa. Wanda aka kama da kayan da suka haura bai faɗa ba ana iya ƙwace su, har da waɗanda da suna cikin rangwamensa. A St Pancras jami'ai suna tsaye a hanyar fita suna kallon jama'a, suna tsayar da wanda suka ga dama. Na wuce da rasit da lambar shaida a aljihun gaba, ba wanda ya kira ni.

Mai tafiya daga Landan zuwa Paris ba zai yi irin wannan lissafi na mayar da haraji ba, domin a ranar da mazauna Birtaniya suka fara karɓar détaxe a Turai, a ranar ce Ingila da Scotland da Wales suka daina mayar wa baƙi VAT a kan kayan da suka saya suka ɗauka da hannunsu. Kuɗin Paris ya shigo katina bayan 'yan makonni, kashi uku daban-daban, an juya shi zuwa Fam, kowanne ya ɗan gaza abin da na rubuta a bayan tikiti saboda farashin canjin da aka yi amfani da shi.