Yadda Tafiyar Majelan Ta Gyara Mini Turanci

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Tiga. Duk da haka, rabin Turancin da nake taƙama da shi yau daga labarin jiragen ruwa na tsinto shi.

Jan biro ne ya jawo. Lokacin ina shirin jarrabawar Turanci, sai na kai wa malamin da ke duba mu da yamma wani insha'i da na yi. Bai taɓa nahawuna ba, amma ya ja layi a ƙarƙashin “strong rain” da “do a mistake”. Na ce, “Malam, ai ruwan da ƙarfi ya sauka.” Ya ce, “To kai, nasara cin ta ake yi ko shan ta?” Na ce ci. “Wahala fa?” Na ce sha. “Don me?” Na rasa ta cewa. Ya ce haka Turanci yake, kowace kalma da abokiyar tafiyarta: ruwan sama “heavy” ne, iska “strong”, kuskure kuma “make” ake yi masa.

Na koma na dinga haddace jerin irin waɗannan kalmomi kamar mai tilawa. Sati biyu, duk suka zube.

Ana haka sai na tsinci wani tsohon littafi a wurin masu baza littattafai a bakin titi, ko bango ba shi da shi, kan tarihin tafiye-tafiyen teku. Don nishaɗi na saye shi. A shafukan farko na karanta cewa Kolumbus “set sail” daga Palos a Sifaniya ranar 3 ga Agusta 1492 da jirage uku, ya kuma “made landfall” ranar 12 ga Oktoba. Nan na tsaya. Mu a Hausa jirgin sama ya tashi, jirgin ƙasa ya tashi, motar Legas ma ta tashi. Ashe Bature ya raba su: na sama “takes off”, na ƙasa “pulls out”, na ruwa “sets sail”, wato ya baza ƙyallen da iska ke turawa. Ga kuma “make” ɗin nan da Malam ya faɗa, ya sake ɓullowa a wurin isowa gaɓar ƙasa.

Daga ranar na canza dabara. Na daina rubuta kalma ita kaɗai. Jimlar gaba ɗaya nake kwafa, da sunan mutumin da shekarar. Bartolomiyu Diyas “rounded the Cape” a 1488, ya zagaye ƙarshen kudancin Afirka. Jirgin Kyaftin Kuk, Endeavour, “ran aground” a gaɓar Ostareliya a watan Yuni 1770, wato ya hau kan duwatsun ruwa ya maƙale. Ba gudu ya yi ba, ko da yake “run” aka ce. In na tuna da jirgin a karkace ruwa na shiga, kalmomin biyu tare suke zuwa mini.

Majelan, jagoran tafiyar teku ta farko da ta zagaye duniya, shi ne ya fi daɗewa a hannuna. Ya bar Sifaniya ranar 20 ga Satumba 1519 da jirage biyar. Wurin da aka ce “they weighed anchor” ya sa na kwana ina tunani: me ya kai su auna nauyin ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa? Sai da na duba ƙamus na ga “weigh” a nan tsohuwar ma'ana ce, ɗagawa. In za su tsaya kuwa, “drop anchor”. A 1520, a tashar San Huliyan da ke gaɓar Ajantina ta yau, wasu kyaftin-kyaftin nasa suka yi masa bore, sai ya “put down the mutiny”, wato ya murƙushe boren. A tekun Fasifik abinci ya ƙare, ciwon nan na rashin bitamin C da ke kumbura dasashi ya “broke out”. Daga nan na gane cewa annoba da yaƙi da gobara duk “break out” suke yi, kamar yadda mu ma muke cewa sun ɓarke. Shi Majelan an kashe shi a tsibirin Maktan na Filifin ranar 27 ga Afrilu 1521. Elkano, ɗaya daga cikin mutanensa, shi ne ya dawo da jirgi ɗaya tak, Victoria, ranar 6 ga Satumba 1522, da mutum 18.

Da na taƙaita wa Malam wannan a rubuce, sai na kira tafiyar “trip”. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Ɗan nan, ‘trip’ ai zuwa Zariya ne ka dawo kafin magariba. Shekara uku a teku ‘voyage’ ne.”

Na kuma yi zaƙewa irin ta sabon shiga. Akwai ranar da na aika wa abokina saƙo cewa motarmu ta “set sail” daga tasha. Har yau bai daina tsokanata ba.

Kalma ɗaya ce muka yi ta jayayya da ita, “discover”. Littafin ya ce Kolumbus “discovered America”, alhali ya tarar da mutane a tsibirin da ya sauka, da gidajensu da kwale-kwalensu. Haka Basko da Gama, da ya isa Kalikut a Indiya a watan Mayu 1498. A Malindi, gaɓar Kenya ta yau, ya sami matuƙin da ya san hanya ya tsallaka da shi, domin 'yan kasuwar Larabawa da na Indiya da Waswahili sun daɗe suna bin iskar damina a tekun Indiya. Nahawu bai hana ka cewa “discovered” ba, kalmomin ma sun saba tafiya tare. Amma wanda ya zaɓe ta ya nuna daga wace gaɓa yake kallo. Ni dai “reached” nake rubutawa. Na yi zaton Malam zai ja mini layi, sai ya karanta sau biyu, ya juya shafi.