Kafin ka yi tsallen farko a kwazazzabon Kawasan

Mu da muka tashi a unguwar Gulail ta Jidda hutunmu sananne ne. Mai hali ya kwashi iyali zuwa Kano ko Sakkwato a gano dangi, wanda aljihu bai kai ba ya haura Ɗa'if ko Abha ya sha sanyi ya dawo Jidda. Ni dai na saɓa lamba, na ɗauki ƙanwata muka tafi ƙasar Filifins, tsibirin Sebu, don mu bi wani kogi da ya ratsa tsakanin duwatsu, ana tafiya ana dirowa daga magangarar ruwa har a ɓulla babbar magangarar da ake kira Kawasan. Tun da bidiyon tafiyar ya zaga wayoyin 'yan unguwa, kowa tambayarsa ɗaya: mita nawa ne tsayin wurin da ka diro? Ni kuwa a ganina tsayin shi ne ƙaramar magana a cikin wannan harka.

Abokin aikina ne ya jawo. Ɗan kudancin Sebu ne, mun daɗe muna gyaran na'urar sanyaya ɗaki tare, kuma duk ranar da zafi ya gallabe mu a saman rufin wani gini sai ya ciro waya ya nuna min ruwan garinsu, shuɗi-shuɗi tsanwa-tsanwa, har na ce masa fenti aka zuba. Ya ce dutsen yankin na farar ƙasa ne, shi ke ba ruwan wannan launi. Da na faɗa wa Umma niyyata, ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba, cewa kawai ta yi, "Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne. Kuma 'yata amana ce a hannunka."

Batun takardu ba dogo ba ne. Mai jinsiyyar Saudiyya yana shiga Filifins ba biza na ɗan lokaci, amma mu masu iƙama, wato takardar zama, da fasfon Najeriya sai mun nemi biza tun muna nan, ga kuma huruj da auda, wato izinin fita da dawowa, da za a fitar kafin a doshi filin jirgi. Agogonsu yana gaban namu da awa 5. Daga birnin Sebu akwai manyan bas-bas masu ruwan ɗorawa da ke bin hanyar Barili, su wuce Mowalbowal su kai Badiyan, garin da Kawasan take, tafiyar awa uku zuwa huɗu gwargwadon cunkoso. Yawancin baƙi a Mowalbowal suke kwana, da sassafe a ɗebe su.

A ofishin 'yan jagora aka ba kowa hular kwano da rigar da ke hana nutsewa, aka duba takalmanmu. Wanda ya zo da silifas sai ya karɓi hayar takalmi mai kama dutse. Daga nan 'yan acaba, waɗanda su suke kira habal-habal, suka haura da mu kan tudu ta wata siririyar hanya, sannan muka gangara da ƙafa cikin kurmi har muka fara jin ƙugin ruwa.

Bakin shiga shi ne inda mutum yake gane abin da ya sayo da kuɗinsa. Dutse ne mai santsi, ƙasa da shi tafki mai zurfi, bango dama bango hagu, saiwoyin itatuwa na reto daga sama. Ɗan jagoranmu, wani siririn saurayi mai tabo a haɓa, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya watsa can gaba, ya nuna inda ya sauka, ma'ana nan za ka faɗa, ba nan kusa ba. Yatsun ƙafata suka kama gefen dutsen ta cikin takalmi. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba, kuma a wurin nan zancen a zahiri yake: da ka diro ka shiga ke nan, mafita tana can gaba bayan awa uku ko huɗu na iyo da tafiya da rarrafe. Ƙanwata ce ta ce daga bayana, "Yaya, in ba za ka tafi ba matsa min." Na tafi. Sanyin ruwan ya buga min har cikin haƙora, rigar ta cillo ni sama, na fito ina tari ina dariya.

Dirowar tana da ƙa'ida, kuma ɗan jagora na kirki zai maimaita ta har ta gundure ka. Ƙafafu a haɗe, jiki a miƙe, hannaye a harɗe a ƙirji kana riƙe da rigar don kada ta daki haɓarka. Kada ka sunkuya kana leƙen ƙasa, domin inda kai ya karkata nan jiki ke bi, sai ka faɗa da fuska ko da ciki. Kada ka buɗe hannaye, ruwa daga sama yana iya gurɗa kafaɗa. Wanda kuma ya sauka a zaune daga wuri mai tsayi, ƙashin bayansa ne zai biya. Mafi muni shi ne mai shakka, wanda ya taho da gudu ya so fasawa a bakin dutse. In za ka je ka je, in ba za ka je ba ka ce a'a tun kana nesa. Manyan wuraren dirowar ba dole ba ne, akwai hanyar zagayawa ta gefe, kuma ni na zagaye mafi tsayinsu ban ji kunyar kowa ba. Mai yara uku ba ya gasa da 'yan shekara ashirin.

'Yan'uwa mata da suka yi ta tambayar ƙanwata batun sutura, ga abin da ta yi: doguwar riga mai dogon hannu irin ta 'yan wasa wadda ba ta shan ruwa, wando har idon sawu, da ɗankwali mai ɗamewa wanda ba ya buƙatar allura, hular kwano ta hau kai daram. Abaya da mayafi mai faɗi ba su da wuri a cikin kwazazzabo, suna nauyi in sun jiƙe kuma suna maƙalewa a dutse. Tun a ofis na gaya wa ɗan jagora cewa ni zan riƙa kama hannunta a wuraren santsi, ya ce ba komai, ya riƙa miƙo mata igiya ko ya ja ta ta madaurin rigar. Sallah kuwa mun haɗa azahar da la'asar ƙasaru bayan mun fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda saurayin nan yake yawan ɗaga kai. Muna cikin raha, shi idonsa na kan ɗan siririn sararin da ake hangowa tsakanin bangayen. Can ya tsuguna ya kalli launin ruwa. Na tambaye shi, ya ce ruwan saman da zai kashe mutum a nan ba lallai ya sauka a kansa ba, can kan tsaunuka yake sauka, kai kana cikin rana. Alamunsa su ne ruwa ya fara gurɓacewa ya koma ja, ganyaye da karare su fara tahowa, dutsen da ka taka a bushe ka waiwaya ka ga ya nutse, ko ka ji ruri daga sama. In aka ga haka sai a nemi tudu nan take, a bar jaka a bar waya.

Ɗan Jidda ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na shirin fita Mina, ruwa ya sauka na 'yan awoyi, sail, wato ambaliya, ya gangaro daga duwatsun gabas ya shiga Ƙuwaiza da unguwannin da ke kusa, ya tattara motoci ya ɗora wata kan wata, mutane sama da 100 suka rasu. Wannan a fili ke nan, inda ruwa ke da wurin bazuwa. A kwazazzabo ba shi da inda zai je sai sama. A watan Yulin 1999, a wani kwazazzabo da ake kira Saxeten a ƙasar Suwizalan, ambaliya ta rutsa da ayarin masu irin wannan wasa, mutum 21 suka mutu, uku daga cikinsu 'yan jagora ne. Kotu ta kama shugabannin kamfanin da laifin sakaci. Duk suna da hular kwano da kayan ruwa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai dubi hadari ya ce yau ba za a shiga ba.

Mu kuma ga inda gizo ke saƙar: babban hutun makarantunmu yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin daminarsu. Guguwa ma ba ta bin kalanda sosai, domin wadda suka kira Odette a watan Disambar 2021 ta afka wa Sebu, ta yi ɓarna mai yawa a kudancin tsibirin. Lokacin da ya fi bushewa shi ne wajen Maris zuwa Mayu. Wanda dole sai a hutun bazara zai je, ya bar sarari a jadawalinsa, kada ya sa kwazazzabo a ranar ƙarshe. Mutumin da jirginsa zai tashi gobe shi ne ke matsa wa ɗan jagora lamba a shiga ko da hadari, ɗan jagoran kuma abincinsa ke nan, ba kowa ne zai iya mayar da kuɗi ba. Hukumar garin takan rufe hanyar in ruwa ya yi yawa. In an rufe kuma wani ya raɗa maka cewa ya san wata ɓarauniyar hanya, rabu da shi.

Shi ya sa nake cewa a tambayi kamfani tambaya ɗaya tun kafin a biya: in an yi ruwa jiya da dare, me kuke yi? Wanda ya ce "ba matsala, kullum muna shiga", ka riƙe kuɗinka. Sai ka lura ko 'yan jagora biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, da yawan mutanen da suke kora. Ka lura kuma ko ɗan jagora yana fara dirowa kafin baƙi. Wannan ba burga ba ce. Kowace ambaliya tana gangaro da duwatsu da gungumen itace, tafkin da ke da zurfi makon jiya yana iya cikewa yau. Gindin magangara kuma, inda ruwa ke kumfa fari fat, ba wurin wasa ba ne: ruwan ya cakuɗe da iska, ba ya ɗaukar mutum sama yadda ya kamata, kuma yana juyawa ya mayar da kai ƙarƙashin inda yake zubowa.

Kada a ce tunda akwai riga ba sai an iya iyo ba. Gaskiya ne ba za ka nutse ba, amma wanda bai saba da ruwa a fuskarsa ba firgita yake yi, ya kama na kusa da shi. Yawancinmu mun girma a bakin Bahar Maliya ba mu taɓa wuce gwiwa ba. A shiga wurin koyon iyo na 'yan makonni kafin tafiya. A kuma karanta takardar inshora da kyau, da yawansu sun cire wasanni masu haɗari.

Abinci sai an yi hattara. Sebu ta yi suna da gasasshen alade, kuma masu tsire da muka tarar a tsakiyar hanya, hayaƙi na tashi ƙamshi na jan mayunwaci, a wuta ɗaya suke gasa komai. Mu dabino muka ɗaure a leda, sai ayaba da ruwan kwakwa, da daddare kuma kifi. Kada a sha ruwan kogin, kuma mai sabon rauni a ƙafa ya haƙura, saboda akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye da sauran dabbobi in ya shiga ruwa. In zazzaɓi ya kama ka bayan ka dawo, ka gaya wa likita inda ka shiga, kada ya tsaya neman maleriya kaɗai.

Wanda kuɗin jirgi ya fi ƙarfinsa, muna da namu a gida. Wadi Lajab yana yankin Jazan, a lardin Raith, tsagi ne tsakanin dogayen duwatsu, da ruwa mai gudana da tafkuna da wuraren da ake hawa da igiya. Ƙa'idar dai ba ta canzawa, in Difa'ul Madani, wato hukumar agajin gaggawa, ya turo saƙon gargaɗin ruwa a waya, a zauna a gida. Ƙanena ya dame ni sai na kai shi, na ce ya fara koyon iyo tukuna, in ya iya ratsa tafki ba riga sai mu sa rana.