Ƙwaryar da aka so ta yi magana

Gyaran rediyo da salula nake yi a wani ɗan shago kusa da Babbar Kasuwar Maradi. Kafin ƙaramar Sallah wani Alhaji mai sayar da kayan tsaraba ya zo mini da ƙoren da aka yi wa zane, ya ce yana son in an ƙwanƙwasa su su ce "Barka da Sallah". Sharaɗinsa guda ne, kada a huda ƙwarya, kada a ga lasifika. Shi ya sa na ba wani mai zuwa Kano saƙon ledar fiyezo, wadda ake kira PVDF, wata leda ce mai iya fitar da sauti in an ba ta lantarki.

A ido kamar takardar alewa mai ƙyalli take, kaurin tawa maikiron 28, ba ta kai gashin kai ba. Fuskokinta biyu an shafe su da ƙarfe. In ka lanƙwasa ta sai ta ba da lantarki, in ka ba ta lantarki sai ta motsa. Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano wannan hali a cikin duwatsu irin kwaz a 1880, sai a 1969 wani Bajapane, Heiji Kawai, ya same shi a wannan roba.

Haɗa mata waya ya fi cin lokaci. Dalma tana narkewa a wajen digiri 183, ita kuwa ledar tun kafin ta kai 100 take rasa ƙarfinta, ba ya kuma dawowa. Ba a kusantar ta da ƙarfen liƙi. Tef na jan ƙarfe na manna a kowace fuska, wayar kuma na liƙa ta a jikin tef ɗin tun kafin ya taɓa ledar. In ka yanka ta da almakashi, ka gwada bakin yankan da mitar awon lantarki, don wani lokaci ƙarfen sama da na ƙasa suna haɗuwa a wurin yankan, sai ta yi shiru kana ta neman laifi a wani waje.

Na ɗauki murya a ƙaramin allon ISD1820, mai riƙe magana ta kusan daƙiƙa 10, na jona. Sai da na kafa kunne a bakin ƙwaryar na ji wani abu. Allon an yi shi ne don lasifika mai om 8 da batir na bolt 3 zuwa 5, ita kuwa ledar bolt masu yawa take so. Na ciro ƙaramar taransifoma daga tsohuwar rediyo na juya ta baibai don ta ɗaga ƙarfin. Sannan a shimfiɗe ledar tsawo kawai take ƙarawa da ragewa, ba ta tura iska, sai an lanƙwasa ta an kafe gefe biyu. Da haka muryar ta fito, siririya, babu kauri ko kaɗan. Yarona na shago ya saurara ya ce, "Maigida, wannan ai gyare ne ke mana barka da Sallah."

Alhaji da ya dawo na gaya masa gaskiya. Na ce, "Alhaji, in magana kake so a ji cikin hayaniyar kasuwa, a sa ƙaramar lasifika ta salula a ƙarƙashin faifai a rufe bakin ƙwaryar." In kiɗa ne kawai na tsit-tsit, ɗan faifan tagulla mai farin yumɓu a tsakiya, irin na cikin katin gaisuwa da agogon hannu, ya fi ledar ƙara kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ya yarda da lasifikar.

Ledar ba ta tashi a banza ba, don wajen ji babu kamarta. Na manna ɗan yanki a cikin ƙwaryar, da an taɓa ta da farce sai ya tayar da allon, babu maɓalli. Daga nan wani mai gurmi da ke wasa a gidajen biki ya ce in gwada masa. Na liƙa yankin a jikin ƙoƙon, kusa da inda tsirkiya take zaune. Kai tsaye cikin amfili, wato na'urar ƙara sauti, sautin ya fito a bushe, don ledar ba ta iya tura lantarki mai yawa. Sai da na sa taransisto JFET da rezistans na megom 10 dab da ita, kaurin gurmin ya dawo. Ta kuma kwaso gurnanin wutar gida mai 50 Hz, na naɗe ta da takardar alminiyom na haɗa da wayar ƙasa ta amfilin, ya ɗauke. Muryar jama'a ba ta shiga sosai, motsin ƙoƙon take ji, don haka amfili ba ya saurin yin kuwwa ko an ƙure shi.

Abin da na gargaɗi mai gurmin a kai shi ne rana. Canjin zafi ma yana sa ledar ba da lantarki, kuma barin gurmi a gaban gilashin mota a watan Afrilu na nan garin zai iya kashe ta. Ya ce a buhu yake ɗaure shi a bayan babur, na ce to ya riƙa neman inuwa in ya tsaya.