Dillancin gidajen haya a Gusau

Ina da ɗan ofishin dillancin gidaje a Gusau, ni da yara biyu masu zagayawa a kan babur suna duba mana inda aka tashi. Aikinmu haɗa mai gida da mai neman haya, mu karɓi la'ada, kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. In haya naira 200,000 ce, namu 20,000 ke nan.

Tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996 garin nan ke cika da ma'aikata, jami'ar tarayya ta zo a 2013 ta ƙaro malamai da ɗalibai. Amma abin da ya fi matse gidaje yanzu shi ne mutanenmu na ƙauye da 'yan bindiga suka taso. Magidanci ya zo daga wajen Maru ko Tsafe da mata biyu da yara, abin da ke hannunsa bai wuce kuɗin ɗaki ɗaya a gidan yawa ba. Irin wannan ba na iya karɓar la'adarsa cikakkiya, wallahi ba na iyawa. Nakan bi mai gida in roƙe shi ya raba masa kuɗin kashi biyu, wata shida-shida. Wasu su yarda, wasu su ce siminti ya haura naira 10,000 a 2024, da me za su yi gyara? Su ma da gaskiyarsu.

Mutane na ɗauka sunan unguwa ne kaɗai ke yanke farashi. Gaskiya ne GRA ba ta haɗuwa da Tudun Wada ko Unguwar Gwaza, amma a garin nan ruwa ne babba. Ciki da falo mai rijiyar burtsatse ya fi maƙwabcinsa tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ake fara kamawa. Nakan ce wa mai nema, Alhaji, zauna ka lissafa abin da za ka ba 'yan ga-ruwa kullum daga watan Maris zuwa saukar damina, sannan ka ce min wanne ne mai araha.

Kafin in kai kowa gida sai na shiga da kaina. In ɗaga kai in duba silin ko akwai tabon yoyo, in leƙa shadda, in tambayi maƙwabta yadda lungun yake in an yi ruwan Agusta. Sai bashin wuta: sabon ɗan haya bai kamata ya gaji na wanda ya tashi ba, don haka sai na ga takardar biya ta ƙarshe.

Baƙo kuma sai ya kawo wanda ya san shi, mu je gaban mai unguwa, saboda halin da ake ciki. Daga nan a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: ranar shiga, ranar biya, wa ke da gyaran rufi, wa ke da kwasar shadda. Mai gida ya riƙe ɗaya, ɗan haya ɗaya, ta uku tana ofishina.