Asabar, da littafin yarinya mai jin muryar matattu

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Tun da na idar da sallar asuba nake kan littafin da ƙanwata ta aro mini a makarantarsu. Na matasa ne, da Turanci, labarin wata 'yar shekara 16 da ta bi ayarin masu neman zinariya daga Misuri zuwa Kalifoniya, a Amurka, a 1849. Baiwarta ita ce in ta taka kabari sai ta ji maganar ƙarshe da mai shi ya yi.

Rabin farko ya tafi da ni, har shinkafar rana ta kama. Marubuciyar ta san hanyar nan ciki da bai. Ba a tashi daga garin Indifendans na Misuri sai ciyawa ta tofo, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, domin shanu ne ke jan yawancin kekunan, kuma abin da suka tarar a hanya shi za su ci. Fiye da kilomita 3,000, wata huɗu zuwa shida, mutane na takawa a ƙasa a gefen keke. Ga kwalara a bakin kogin Filat: mutum ya karya kumallo lafiya, kafin dare an rufe shi. Wani lokaci a tsakiyar hanya ake binnewa, a bi da kekuna ta kai don kada kyarkeci ya tono. To ka ga yarinyar ba ta da wurin ajiye ƙafa ke nan. Babin da ta roƙi a bar ta ta hau keke, aka ce ragwanci ne, sai da na ajiye littafin na ɗan huta. Tsarin ayarin ma ya tuna mini hirar Kaka kan fatake masu zuwa Gwanja sayo goro, da madugu da zango-zango.

Soyayyar kuwa ba ta da gishiri. Samari biyu, ɗaya miskili, ɗaya mai fara'a. Tun shafin da suka bayyana na san wanda za ta zaɓa.

Abin da ya tsaya mini a rai ya fi wannan. Da suka tsallake duwatsun Siyera Nebada suka gangara cikin Kalifoniya, kunnen yarinyar ya toshe. Ƙasar da masana tarihi suka ƙiyasta 'yan asalinta sun kai 150,000 kafin a ga zinariya a 1848, suka dawo kusan 30,000 zuwa 1870, saboda cuta da yunwa da kisa, a nan ne ba ta ji muryar kowa ba sai ta wani Bature mai haƙa da abokinsa ya ci amanarsa. A 1851 gwamnan jihar, Peter Burnett, da bakinsa ya ce yaƙin ƙare dangi a kan 'yan asalin ƙasar zai ci gaba. A 2019 Gwamna Newsom ya nemi gafara, ya kira abin kisan kiyashi. A littafin fa? Tsoho guda ne daga cikin 'yan asalin ya nuna wa ayarin ruwa, ya yi magana mai kama da karin magana, ya ɓace. Ko suna ba a ba shi ba.

Bayan la'asar na faɗa wa ƙanwata. Ta ce, "Haba Yaya, littafin yara ne fa, kuma labarin a 1849 ya tsaya." Na ce yaran da aka nuna wa gawar mai kwalara dalla-dalla? Kuma mutanen nan tun zamanin mishan na Sifaniyawa, daga 1769, ake ta binne su. Ta ce wataƙila an ajiye wa littafi na biyu. Na ce ta karɓo shi ranar Litinin mu gani, amma in aka sake ɓata babi uku a kan wa zai riƙe mata hannu, ita za ta ƙarasa ta ba ni labari.