Wata takwas ina kiran gansakuka da sunan da ba nata ba

Makon jiya na miƙa makullin akwatina na ɗakin gwaji, na kwashe litattafan aikina guda shida. Biyu daga cikinsu har yau ba na son buɗewa, domin kowane shafi yana ɗauke da suna ɗaya da na rubuta da hannuna, Oscillatoria, sunan wata irin gansakuka, alhali wadda na gani ba ita ba ce.

Aikina na digiri na biyu shi ne ƙidayar gansakukar da ke cikin wata madatsar ruwa da gari guda ke sha daga gare ta. Na fara ɗibar ruwa a watan Yuli, damina ta kankama, ruwan gonaki na kwararo taki cikin madatsar. Abin da ya cika gilashin ƙidayata wani siririn zare ne miƙaƙƙe, kaurinsa bai wuce maikiromita 3 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), bakinsa ya ɗan tsuke. Na buɗe tsohon littafin tantancewa da kowa ke amfani da shi a sashenmu, wanda zane ne kawai a ciki. Tambayar farko ita ce ko zaren na da heterosait, wato ƙwayar nan ta musamman da ke kama naitirojin daga iska. Ban ga ko ɗaya ba. Littafin ya kai ni ga Oscillatoria, na rubuta. Na kai wa malamin da ke duba aikina, na ce, "Ranka ya daɗe, da za ka leƙa maikiroskop ɗin sau ɗaya hankalina ya kwanta." Ya ce yana da taro, ya sa hannu a takardar.

A watan Maris, ruwa ya ja baya, zafi ya tsananta. Wata safiya na ɗora gilashi na ga zaren nan dai, amma a ƙarshensa akwai wata ƙwaya mai haske, mai tsini kamar harshen wutar aci-balbal. Na matsa gaba, ga wani, ga wani, wasu ma da ita a bakuna biyu, a bayanta kuma ga doguwar ƙwayar iri mai kauri. Oscillatoria ba ta yin heterosait ko kaɗan. Gabana ya faɗi, na zauna shiru na daɗe. Abin da nake ƙidaya tun Yuli Cylindrospermopsis raciborskii ne. Ba ya fitar da heterosait sai naitirojin ya yi ƙaranci a ruwa, takin damina kuwa ya wadata shi, shi ya sa na same shi tsirara.

Wannan ba ƙaramin suna ba ne a wurin masu aikin ruwan sha. A 1979, a tsibirin Palm na ƙasar Ostiraliya, an zuba sinadarin kofa salfet a madatsar Solomon don a kashe gansakuka. Ƙwayoyin suka fashe, gubar ta watsu cikin ruwa, yara sama da 100 suka kwanta asibiti da amai da ciwon hanta da na ƙoda. Daga baya aka gano wannan zaren ne, gubar kuma aka sa mata suna silindirospamopsin. Wani abin tsoron shi ne ba ya yawan taruwa a saman ruwa ya yi kumfa kore yadda ido zai gani. Bazuwa yake yi a cikin ruwan, sai dai ka ga launi ya ɗan canza. Ko a Afirka ta Yamma an same shi a tafkin Giyer na Senegal, wanda Dakar ke sha daga gare shi.

Na je na faɗa wa Malam da bakina, ban ɓoye komai ba. Bai ce uffan ba a ofis. Sai ranar semina, gaban malamai da ɗalibai har da ƙannenmu na aji huɗu, ya tashi ya ce ga misalin ɗalibin da ba ya neman shawara, mai gaggawar sa suna. Sa hannunsa na kan kowace takarda ta wata takwas ɗin. Na yi shiru, domin sakamakona na hannunsa, amma ban manta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce na manta ba.

Laifin da yake nawa ni kaɗai ya fi wannan ciwo. Kwalabe sun yi mana ƙaranci, don haka duk samfurin da na gama ƙidayarsa sai in zubar, in wanke kwalbar in sake cika ta. Da na ajiye su da ɗigon aidin na Lugol, wanda ke hana samfur lalacewa, a wuri mai duhu, da na koma na duba na Yuli da Agusta da sabon ido. Babu ko hoto ɗaya. Dole na sake shekara guda cur ina ɗibar ruwa, da kuɗin mota daga aljihun mahaifina. Tun daga nan ko kwalbar maganin tari ce nakan wanke in ajiye samfur, kuma nakan kafa kyamarar waya a bakin maikiroskop in ɗauki kowane zare da ma'auni a gefensa.

A wannan shekara ta biyu ne na karanta cewa tun 2018 masu nazarin ƙwayoyin gado sun haɗe Cylindrospermopsis da Raphidiopsis, wadda a da ake ware ta saboda ba ta da heterosait. Sunan yanzu Raphidiopsis raciborskii. Wato alamar da ta yaudare ni ta daɗe tana raba kan manyan masana, tun bayan da aka fara bayyana halittar daga tsibirin Jawa a 1912 da sunan Anabaena. Littafin sashenmu bai san da wannan ba, kuma har na fito yana kan kanta.

Suna kuma ba ya nuna guba. Na Ostiraliya na yin silindirospamopsin, na Birazil wata gubar daban mai suna saksitoksin suke yi, wasu ba sa yin komai. A rahotona na rubuta cewa ga halittar, ga yawanta wata-wata, ana buƙatar gwajin guba, kuma kada a zuba kofa salfet kafin a yi shi. Malam ya so in cire layin ƙarshe, wai ya wuce hurumina. Na bar shi, kuma mai jarrabawa daga waje a kan wannan layin ya fi daɗewa yana yi mini tambaya.