Yadda muke kai ayarin babura tsaunin Mambila mu dawo da su

Sana'armu ita ce shirya babura da jagorantar masu son hawa duwatsu a ayari, kuma hanyar da aka fi nemanmu a kanta ita ce ta Mambila a jihar Taraba. Daga Jalingo ake bi ta Garba Chede zuwa Bali, a wuce Serti, a sauka Mayo Selbe a gindin tsauni, daga nan a fara hawa zuwa Maisamari da Nguroje har Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Masu zuwa wurinmu duk hawan suke tsoro. Mu kuwa da muke cikin aikin, gangarowa ce ke hana mu barci, kuma kusan duk shirinmu a kanta yake.

Kwana biyu kafin tashi kowane babur sai ya shigo garejinmu, ko sabo ne fil. Mafi yawan abin da ake kawowa Bajaj Boxer ne da TVS da Haojue, masu inji 100 zuwa 150, sai jefi-jefi a samu babba. Bakanike yakan fara da burki. Yana buɗe ƙafar baya ya duba fatar burki, in ta yi sanƙo ko ta kusa cin ƙarfe a sauya ta, ba a jira. Mai burkin faranti a gaba kuma ana zubar masa da tsohon man burki a zuba sabo, domin man nan yana shan danshi in ya daɗe, kuma da zarar ya yi zafi a gangara sai ya tafasa, ka matse hannu ka ji wayam. Sarƙa ana barin ta da lilo na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a auna da mutum a zaune a kai. In aka ɗaure ta tamau tana cin haƙora, in ta yi sako-sako tana zamewa a kwana. Baƙin mai sabo, lamba 20W50, kimanin lita ɗaya. Iskar taya 25 a gaba, 30 zuwa 32 a baya in akwai kaya. Tayar da zanenta ya shafe ba ta bin mu, ko mai ita ya yi rantsuwa cewa ta saba.

Ba ma wuce babura goma a ayari ɗaya. In mutane sun fi haka sai a raba su gida biyu, a bar tazarar minti goma sha biyar a tsakani. Dogon ayari yana tsinkewa a duk shingen jami'an tsaro da duk kasuwar bakin hanya, na baya su riƙa gudu don su cim ma na gaba, kuma a irin wannan gudun ne ake faɗuwa. Jagora yana gaba, ba mai wuce shi. Bayansa kai tsaye sai wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa, domin da saurinsa za a yi tafiyar. Can ƙarshe kuma bakanikenmu ne, wanda muke ce wa mai kora, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa muhimmanci a tafiyar. Ba ya wuce wanda ya tsaya. A jakarsa akwai tib biyu na kowane girman taya, kayan faci, famfon hannu, fulogi huɗu, wayar kulochi da ta totur, mahaɗin sarƙa, sufanu daga lamba 8 zuwa 19, igiya ta ja, da akwatin magani.

A shimfiɗaɗɗiyar kwalta tsakanin Jalingo da Bali ana tafiya a karkace, wannan dama wancan hagu, da tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke saitinka. Da an shiga kwane-kwane sai a koma layi ɗaya, a ninka tazarar. Doka ɗaya muke maimaitawa kowace safiya: kowa shi ke da alhakin wanda ke bayansa. In ka duba madubi ba ka gan shi ba ka rage gudu, in har yanzu babu shi ka tsaya. A haka labari zai kai ga jagora ba tare da waya ba, don akwai wurare da yawa da sabis ke ɗaukewa.

A Serti muke kwana. Nan ne hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, saboda haka akwai masauki da abinci. Kowa ya cika tanki a nan. A lissafinmu ƙaramin babur mai kaya yana cin lita ɗaya a kilomita 35 zuwa 40 a kan dutse, ba abin da ya saba ci a gari ba, don haka mai kora yana riƙe jarka mai lita biyar. In dole ta sa aka sayi mai a hannun 'yan bumburutu, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga kwalbar a duba gindinta ko akwai ruwa a kwance.

Ba ma fara hawa daga Mayo Selbe sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe tara, lokacin da hazo ya yaye. A tsaya minti goma sha biyar inji ya huce, a sake matse kaya. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa kuma kusa da bayan matuƙi, don in aka tula su can ƙarshen kariya gaban babur yakan yi sauƙi ya nemi tashi a tudu. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami mai zurfi. Giya ta biyu ita ce ta aiki, ta ɗaya a kwanar da ta tsananta. A sauya giya kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. A danna hon a duk kwanar da ba a hango bayanta, a kuma manne wa hannunka, domin manyan motocin da ke saukowa da katako da kayan gona suna cinye rabin hanya in za su juya. Wanda injinsa ya mutu a tudu ya taka burkin ƙafa nan take, ya bar babur a giya, ya jira mai kora. Kada ya yi ƙoƙarin juyawa shi kaɗai.

Saman Mambila yana kai mita 1,600 a matsakaici, kuma iska tana da ƙaranci a can. Inji yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, wato wajen kashi 15 kafin a kai Nguroje. Za ka ji babur ya yi nauyi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, in ka zare fulogi ka same shi baƙi ƙirin da toka. Mai ne ya rinjayi iska, ba lalacewa ya yi ba. Bakanike zai goge fulogi, ya kakkaɓe matatar iska, ya rage mai a sukurun kafireta, bai wuce rabin juyi ba. A bar masa wannan aikin, don a wasu kafiretocin ciki ake juyawa, a wasu waje. Yakan rubuta abin da ya taɓa a kowane babur, saboda dole a mayar da shi yadda yake in an sauko, in ba haka ba inji zai yi zafi fiye da kima a zafin Bali. Babura masu allurar mai na zamani su kan daidaita kansu.

Sanyi ma abin shiri ne. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, ga iskar gudu a kai. Safar hannu, rigar sanyi, rigar ruwa da hular kwano mai gilashi fari wajibi ne. Hannun da ya sandare ba ya matse burki da kyau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu muka fi son tafiya, domin damina a can doguwa ce, kuma jan laka a hanyoyin ƙauyuka santsi gare shi ƙwarai. A sama akan kai mutane gonakin shayi na Kakara da dajin Ngel Nyaki. Shanu suna tsallaka hanya a ko'ina, in aka haɗu da garke a tsaya a rage ƙarar inji har makiyayi ya wuce da su. Masu tambayar Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya da mita 2,419 a kan iyaka da Kamaru, muna gaya musu tun daga gida cewa wannan tafiyar ƙafa ce da ɗan jagora na gari, babur ba ya kai mutum can.

Ranar saukowa muna tara kowa a Maisamari kafin a fara. Wanda ya saba aikin acaba a gari yana da al'adar sa firi ko kashe inji a gangara don tattalin mai. A nan wannan haramun ne a ayarinmu, wanda aka gani yana yi sai ya sauka ya hau bayan wani. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, inji ne zai riƙe babur, burki taimako kawai yake yi. In mutum ya ɗora ƙafa a burki tun daga sama, gangar ƙafar baya tana yin zafi ta buɗe, fatar ta yi sulɓi, sai ya ga feda na nutsewa har ƙasa babur bai rage ba. Yadda ake yi shi ne a matse gaba da baya tare, da ƙarfi amma a hankali, a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, sannan a saki gaba ɗaya ƙarfe ya sha iska. Cikin kwana ba a damƙe burkin gaba, musamman inda tsakuwa ta zubo daga jikin dutse.

Muna tsayawa a tsakiyar gangarar a wuri mai fili, mai kora ya bi babura ɗaya bayan ɗaya yana kai bayan hannunsa kusa da gangar burki. Wadda ya ji tana huci ko tana warin ƙuna za a jira ta minti ashirin. Ba a watsa mata ruwa, ƙarfen yana iya karkacewa ko ya tsage. Mai ɗauke da mutum biyu shi ne ya fi shiga wannan matsala, shi ya sa muke sa shi kusa da jagora. A Mayo Selbe ake sake ɗaure burki da sarƙa, a mayar da kafiretoci yadda suke, a duba baƙin mai, sannan a kama hanyar Serti a kai kafin la'asar, don ba ma tafiyar dare a wannan hanya ko kaɗan.